Azurfa Daga Cikin Gansakuka

Gwaggona da ke aure a Njamena ce ta aiko mini da dihe a cikin gwangwanin madara, an rufe bakinsa da leda an ɗaure da zare. Ina buɗewa sai wani wari-wari mai kama da na busasshen kifi ya bugi hancina. Ɓarɓashi ne baƙi-baƙi mai ratsin kore, kamar fasasshen kasko, in ka murza shi tsakanin yatsu sai ka ji yashi yana ƙaras-ƙaras. Matan Kanembu ne ke yin sa a yankin Kanem, arewa maso gabas da Tafkin Chadi, inda ake da ƙananan tafkuna masu kanwa da wata irin gansakuka ke rufe fuskarsu. Sukan kwaso ta su zuba a ramukan da suka share a kan yashi, ruwan ya tsiyaye, rana ta busar, sannan su ɓaɓɓantare a kai kasuwa don miya. Ita ce sifirulina, wadda masana ke rubuta sunanta Arthrospira platensis. A wajen 1964 wani masanin tsirrai ɗan Beljiyom, Jean Léonard, ya ci karo da ita a kasuwar garin da gwaggon tawa ke zaune yau, lokacin ana kiran garin Fort-Lamy. A ƙa'idar ilimi ma dai dangin bakteriya ce mai cin hasken rana, amma kowa da gansakuka yake lissafa ta, ni ma haka zan kira ta.

Abin da na ɗauka a matsayin aikin digirina na biyu a fannin kimiyyar sinadarai shi ne in sa wannan gansakuka ta haɗa mini ƙwayoyin azurfa 'yan mitsi-mitsi, waɗanda ake aunawa da nanomita. In ka raba mita ɗaya gida biliyan ɗaya, kashi guda shi ne nanomita. Kaurin silin gashin kai yakan kai nanomita 80,000, ni kuwa abin da nake nema bai wuce 100 ba. A wannan ƙanƙanta ƙarfe yakan sauya hali har da launi. Zinare ya koma ja, kamar ruwan zinaren da Michael Faraday ya yi bayani a kansa a Landan a 1857, azurfa kuma ta koma ruwan ɗorawa ko ruwan ƙasa.

Yadda abin ke faruwa ba shi da wuyar fahimta. Ana farawa da gishirin azurfa, wanda ake rubutawa AgNO3. In ya narke a ruwa, kowace ƙwayar azurfa tana yawo ne da giɓin ilektiron ɗaya. Duk abin da ya cike mata wannan giɓi, to ta koma ƙarfe, sai ta nemi 'yan uwanta su dunƙule. A tsohuwar hanya ana sayo sinadarai masu ƙarfi ne su yi wannan aiki, wasunsu masu tsada da haɗari, kuma sai an yi odarsu daga waje. A sabuwar hanya, furotin da sukari da launukan da ke jikin mai rai su ne ke ba da ilektiron ɗin, sannan su lulluɓe ƙwayar su hana ta ci gaba da girma, kamar yadda ake mulmula fura a baɗe ta da gari don kada ta manne da 'yar uwarta. A 1999 masu bincike a Suwidin suka nuna cewa wata bakteriya da aka samo daga mahaƙar azurfa tana tara ƙwayoyin azurfa a jikinta. A Pune ta ƙasar Indiya aka yi da naman gwari, daga baya a 2004 aka yi da ruwan ganyen darbejiya, wannan dai da ke ƙofar kowane gida a garinmu. A 2007 aka yi da gansakuka, ta teku a Indiya a kan zinare, ta ruwan daɗi a Singafo. Ni kuwa da na karanta duk wannan, karofin Ƙofar Mata ne ya faɗo mini a rai. Marina suna zuba baba da toka da kanwa a rijiya su bar shi kwanaki, ƙwayoyin halittar da ido ba ya gani su juya shunin har ya kama zane. Sa mai rai ya yi aikin sinadari ba baƙon abu ba ne a ƙasar nan.

Ranar farko na daka dihen a turmin tangaran, na auna giram 5 na jiƙa a mililita 100 na ruwan da aka tace ta hanyar tururi, na ɗan ɗumama, na tace da takardar tacewa. Sannan na auna gishirin azurfa giram 0.17 na narkar a lita 1, na zuba a kwalba mai duhu na naɗe ta da takardar alminiyam, domin haske yana ɓata shi. Safar hannuna ta dama ashe tana da ɗan huji. Ban ji komai ba a lokacin, sai washegari na ga baƙin tabo a kan ɗan yatsana kamar na lalle, ba sabulun da ya fitar da shi, sai da fatar ta saɓe da kanta bayan kusan mako biyu.

Na ɗiga mililita 10 na ruwan dihe a cikin mililita 90 na ruwan azurfa. Nan take ruwan ya yi fari-fari kamar an ɗiga nono. Na ajiye kwalbar a gefen taga na tafi sallar azahar. Kafin la'asar ta yi duhu, toka-toka mai ɗan shuni. Duk takardun da na karanta cewa suke yi sauyin launi shi ne alamar farko, saboda haka na ɗauki hoto, na tura wa malamin da ke duba aikina, zuciyata fari ƙal.

Akwai wani dattijo da ya daɗe yana kula da ɗakin gwajinmu, duk Baba muke ce masa. Ya zo wucewa ya ɗaga kwalbar sama ta fuskanci haske, ya karkata ta a hankali, ya nuna mini wani abu da ya kwanta a gindinta kamar dusa.

"'Yata, tun farko wane launi ya fara yi?"

"Fari, Baba. Daga baya ya yi duhu."

"To ai ruwa ba ya tsami banza. Kawo sauran ruwan gansakukar nan."

Ya zuba kaɗan a bututun gwaji, ya ɗiga asid ɗin naitirik, sai ga 'yan kumfa suna tashi. Kanwa ke nan. Da kumfar ta lafa ya ɗiga ruwan azurfa, farin gajimare ya sake tashi. Ya ƙara ruwan amoniya ya girgiza, farin ya ɓace, bututun ya yi garau. Gwajin da aka koya mana tun sakandare ne, na neman gishiri a cikin ruwa. Dihe ya taso a ruwan kanwa da gishiri, ya bushe da su a jikinsa, kuma na kwashe su duka na juye a kan azurfata. Gishiri ya riga furotin kama azurfar, suka haɗa AgCl, wanda fari ne amma yana yin duhu in ya sha rana. Da irin wannan halin nasa aka yi takardun hoto na zamanin da. Da muka sa ruwan a na'urar auna haske, layin ya gangara kawai babu tudu. Ƙwayoyin azurfa na gaskiya sukan tsotse haske tsakanin nanomita 400 zuwa 450, layin ya yi ƙusumbi a wurin. Kama da wane ba wane ba ce.

Abin ya dame ni ƙwarai, domin na riga na sa rai cewa da dihen matan Kanem zan yi aikin tun daga farko har ƙarshe. Na gwada wanke shi. Amma busasshen dihe ƙwayoyinsa sun riga sun farfashe, in ka wanke gishirin sai ruwan wankin ya tafi da furotin ɗin da kake nema. Sau uku ina gwadawa, ko dai farin gajimare ya tashi, ko kuwa ruwan ya zauna shiru ba abin da ya faru. Malam ya ce in daina ɓata gishirin azurfa, in je sashen nazarin halittu in roƙi irin mai rai in noma da kaina.

Noman nan shi ne ɓangaren da na fi so a duk aikin, kuma shi ya fi cin lokaci. Sun ba ni ɗan kore-koren ruwa a kwalba. Na haɗa masa abincin da aka sani da sunan Zarrouk, wanda aka tsara tun 1966, wanda mafi yawansa bakin soda ne, giram 16.8 a kowace lita, wato dai kwaikwayon ruwan kanwar da ta saba da shi. Na jera manyan kwalabe huɗu kusa da taga, na sa ƙaramin famfon iska irin na akwatin kifi yana motsa su. In an ɗauke wuta sai in bi su ɗaya bayan ɗaya ina girgizawa da hannu, don kada ta taru a sama ta shaƙe. Ranar da na fara ɗiga ta a ƙarƙashin madubin ƙara girma ba zan manta da ita ba. Zare-zare ne a murɗe kamar sifirin, kore mai ratsin shuɗi, suna juyawa a hankali suna tafiya. Na daɗe ina kallo har idona ya yi ruwa. Sai dai na fara ne a tsakiyar hunturu, ita kuwa ɗumi take so, wajen digiri 30 zuwa 35. Mako biyu ruwan yana nan kamar ba ya motsi. Sai da sanyi ya fara ja da baya sannan ta kankama, kwalaben suka yi kore shar, har ba a iya hango yatsa ta bayansu.

Da farin ƙyalle mai laushi na tace ta, irin wanda ake tace gasarar koko. Abin da ya rage a ƙyallen kamar dafaffen alayyafo da aka niƙa. Daga nan sai ɗauraya da tataccen ruwa, kuma da sauri, domin in ta daɗe a ruwan da babu gishiri sai ta kumbura ta fashe. Bayan kowace ɗauraya ina tarar ruwan da ya tsiyaye in ɗiga masa ruwan azurfa, kamar yadda Baba ya nuna mini. Na farko ya yi fari sosai, na biyu ya ragu, sai a na biyar na ga ya tsaya garau. Na shanya ta a inuwa, na daka, na jiƙa a firij ta kwana. Da safe da na tace, ruwan shuɗi ne mai kyau kamar na bula. Wani furotin ne mai launi da ke jikinta ke ba da wannan shuɗin, kuma zafi yana kashe shi, shi ya sa wannan karon ban kai shi kusa da wuta ba.

Yanzu kwalba uku na jera maimakon ɗaya. Ta farko ruwan azurfa zalla, ta biyu ruwan gansakuka zalla, ta uku haɗin biyun. Biyun farko su ne shaidu, in su ma suka sauya launi to ba ni da labari. Na ɗaga kaifin haɗin zuwa wajen 9 a ma'aunin pH, wanda ke nuna tsami ko kanwar ruwa, da 'yan ɗigon soda, na kuma yi wani jeri irin wannan na kulle a cikin kabad mai duhu. Na wajen taga bai yi fari ba ko kaɗan. Shuɗin ya fara kodewa, ya koma ruwan ɗorawa mai haske, kafin a tashi aiki ya zama kamar shayi ba madara, kuma ana iya karanta rubutu ta bayansa, babu abin da ya kwanta a ƙasa. Shaidun biyu suna nan yadda suke. Na cikin kabad sai da ya kwana biyu kafin ya fara ɗan jirkicewa, wato haske yana taimakawa matuƙa. Baba ya kashe fitila ya haska 'yar tocilan mai jan haske ta cikin kwalbar, sai ga layin ja ya ratsa ruwan kamar zaren da aka miƙe, alhali a kwalbar ruwan azurfa zalla ba a ganin komai. Na zuba a na'urar auna haske hannuna yana rawa. Layin ya hau, ya yi ƙusumbi kusa da 430, ya sauka. Ƙusumbin mai faɗi ne, alamar cewa ƙwayoyin ba girmansu ɗaya ba, amma yana nan.

Wahalar da ba a cika faɗa ba tana bayan wannan. Kafin a tabbatar da abin da ke cikin ruwan sai an mai da shi gari, kuma a cikin lita ɗaya ta irin haɗin da na yi, duka-duka azurfar da ke ciki ba ta wuce miligiram 108 ba, ko da ba a yi asarar ko ɗigo ba. Injin da ke juya bututu kamar katantanwa shi ke tilasta wa ƙwayoyin su kwanta. Minti 15 yana gudu, a zubar da ruwan sama, a wanke baƙin da ya manne a gindi, a sake juyawa, har sau uku. Injin namu ƙananan bututu yake ɗauka, wuta kuma ba ta da tabbas. Sau da yawa yana tsakiyar gudu za a ɗauke, in zauna ina jin ƙararsa tana mutuwa, in jira a tada janareta a sake daga farko. Mako uku na yi ina tara abin da, bayan ya bushe na kankare shi daga gilashi, bai rufe gindin ƙaramar kwalbar turare ba.

Ba mu da na'urar XRD, wadda ke harba haske ta gano yadda ƙwayoyin abu suka jeru, ba mu kuma da madubin ilektiron. Sai aka aika da garin wani wuri, na biya daga aljihuna, na jira fiye da wata guda. Da sakamakon ya zo, ga tsinin azurfa nan guda huɗu a kan layin da na'urar ta zana, a inda ake sa ransu, wajen kusurwar digiri 38 da 44 da 64 da 77. Amma akwai wani ɗan ƙarami a wajen 32, da wani a 46. Na san su, domin na AgCl ne. Duk da ɗauraya biyar, wani gishirin ya ɓuya a cikin ƙwayoyin gansakukar ya biyo ni har nan.

Na kai wa Malam takardar, na ce masa na ga a rubuce-rubuce da dama ana sa wa irin waɗannan ƙananan tsini alamar tauraro a ce ragowar kayan tsiro ne da suka daskare.

Ya cire tabarau ya dube ni. "Ke me kika gani?"

"Gishiri ne, Malam."

"To rubuta gishiri."

Haka na rubuta. Kuma ra'ayina a kan wannan bai sauya ba har yau. Wannan hanya ta dace da ɗakunan gwajinmu, domin ba ta bukatar sinadarai masu tsada ko zafi mai yawa, kayan aikinta kuma suna bayan gida da bakin tafki. Amma sauƙin nata ne ke jawo a yi mata riƙon sakainar kashi. Ɗalibi ya tafasa ganye, ya zuba a ruwan azurfa, launi ya sauya, ya ɗauki hoto, shi ke nan an gama. Mai rai ba kwalbar sinadari ba ne da aka rubuta abin da ke ciki a jikinta. Yana zuwa da ruwan da ya sha da ƙasar da ya tsiro da yanayin da aka girbe shi. Ni kaina da na maimaita aikin da gansakukar da na noma a tsakiyar bazara, ƙusumbin ya ɗan gusa daga inda yake a karon farko, alhali awo ɗaya na yi. Hoton madubin ilektiron ma abin da ya nuna ke nan: yawancin ƙwayoyin zagayayyu ne, amma manya da ƙanana a cakuɗe, wasu sun dunƙule kamar curin ƙuli-ƙuli, kowanne da ɗan hazo-hazo a kewaye da shi, wato rigar furotin.

Gwaji na ƙarshe shi ne a ga ko suna kashe ƙwayoyin cuta. Wata abokiyar karatuna a sashen nazarin ƙananan halittu ta shafa E. coli da Staphylococcus aureus a farantai, muka huda ramuka masu faɗin milimita 6, muka ɗiga abubuwa huɗu: ƙwayoyin azurfata, ruwan gansakuka zalla, ruwan gishirin azurfa zalla, da maganin asibiti. Suka kwana a akwatin ɗumi a digiri 37. Da safe muka ɗaga farantan sama. Ramin gansakuka ba abin da ya yi, cutar ta tsiro har bakinsa. Ramin ƙwayoyin azurfata yana da fili a kewaye, da'ira mai tsabta inda ba abin da ya tsiro. Na ji daɗi. Amma da'irar ruwan gishirin azurfa ta ɗan fi tawa faɗi, ta maganin asibiti kuwa ta ninka su. Akwai dalili: narkakkiyar azurfa ta fi saurin ratsa abin da ke cikin farantin, ƙwayoyin kuwa a hankali suke sakin tasu, abin da ya sa ake amfani da su a bandejin ƙuna da ake so ya daɗe yana aiki. Ya kuma nuna mini cewa duk wanda bai wanke ƙwayoyinsa da kyau ba, zai iya auna ƙarfin ragowar gishirin azurfa ya ɗauka na ƙwayoyin ne.

Da gwaggo ta ji an ce abin yana kashe ƙwayoyin cuta, sai ta bugo waya ta ce in ajiye mata kwalba ɗaya saboda ciwon cikinta.

"Gwaggo, wannan ba na sha ba ne. Azurfa in ta taru a jiki tana mai da fatar mutum toka-toka mai shuɗi, kuma ba ta komawa. Ki ci gaba da sa dihenki a miya, ya fi miki amfani, furotin ɗinsa ya haura rabin nauyinsa."

Ta ce to, amma in sanar da ita ranar da za a yi bikin kammalawa.

Saura ruwan da na yi ta tsiyayewa daga bututu tsawon watanni. Tun farko Baba ya hana ni zuba ko ɗigo a kwata. Ya ce narkakkiyar azurfa guba ce ga kifi da ƙananan halittun ruwa, har da gansakukar da ta yi mini aikin. A jarkoki biyu na tara shi a ƙarƙashin tebur. Ranar da zan miƙa mabuɗin kabad ɗina, ya aike ni shagon bakin ƙofa na sayo gishirin miya ƙulli biyu. Muka narkar da shi a bokiti, na riƙe mazurari, shi kuma yana tsiyayawa a jarka a hankali. Farin gajimaren nan ya tashi ya cika jarkar. Muka bar shi ya kwana ya kwanta, washegari muka tace, muka ɗiga wa ruwan da ya fita ƙarin gishiri bai sake yin fari ba. Baba ya kankare farin laka daga takardar tacewa ya zuba a kwalba mai duhu, ya manna mata takarda ya rubuta AgCl da kwanan wata, ya ɗora ta a kan kanta kusa da gwangwanin madarar da sauran dihen gwaggo ke ciki.